Kaset ɗin da Na Goge

A gidanmu na unguwar Jekadafari a Gombe ba a kunna fitila saboda yara. Kananzir na ɗakin Baba ne. Idan an sauke tuwo an ci, sai mu koma bakin murhu, inda kakarmu take zama da tasarta da mazarinta tana kaɗi. Dada muke ce mata, ita ta haifi Baba. A ruga ta tashi, aure ne ya kawo ta cikin gari, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta rabu da ƙamshin Fulatanci ba. Ba ta son wuta mai harshe, ta ce tana ɓata mata ido. Garwashi take so. Lokaci zuwa lokaci sai ta tura karan dawa guda ya kama, ta duba zarenta, ya mutu. A wannan ɗan hasken muka ji duk tatsuniyoyin da muka sani.

Mu huɗu ne ba ma fashi: ni, da yayata Adda Dija, da 'ya'yan baffanmu biyu waɗanda ba su cika kaiwa ƙarshen labari ido biyu ba. Akan binne mana rogo a toka, kuma dokar Dada ita ce ba a tonowa sai labari ya ƙare. Tana da yadda take farawa wanda ban ji a bakin kowa ba. Za ta shafa alli a yatsunta ta ce, "Na yi baƙuwa." Mu kuma mu ce, "A ba ta tabarma." In ba mu amsa da ƙarfi ba sai ta ce baƙuwa ta yi fushi ta koma, ta ci gaba da kaɗinta kamar ba mu a wurin.

Akwai doka ta biyu. Duk labarin da ta taɓa ba mu ya zama namu, ba ta da ikon canza shi. Idan ta ce akuya ta haifi uku alhali wancan karon biyu ta haifa, muna da damar tsayar da ita. Da gangan take karkacewa don ta gane wanda ke gyangyaɗi. Adda Dija ce gwanar kama ta. Ni kuwa hankalina ba ya kan lissafin akuya, yana kan muryoyi: yadda take ƙanƙance murya ta zama kurege, ta buɗe ta ta zama giwa. Da rana sai in je bayan ɗaki in yi ta gwadawa.

A shekarar da aka samu 'yancin kai wani tela a bakin layinmu ya sayi rediyo. Maza suka fara taruwa a shagonsa da yamma, ana jin jawaban shugabanni da labarin ƙwallon da ake bugawa a garuruwan da ba mu taɓa gani ba. Ni ma na fara zamewa zuwa can, sai in dawo bakin murhu an kusa rabin labari. Wata rana Dada ta tare ni.

"Maigidan banza, ka yi sabuwar amarya a shagon tela ko? Me take ba ka wanda ba na ba ka?"

Na ce, "Dada, mutumin cikin akwatin yana faɗin ƙwallo kamar kana wurin."

"Kai ka je wurin?"

"A'a."

"Telan ya je?"

"Shi ma bai je ba."

"To in ya ce akuya ta haifi uku, wa zai tsayar da shi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta shafa alli ta ce ta yi baƙuwa, muka ba ta tabarma. A wannan yammacin ne ta ba mu labarin hankaka, ga shi a taƙaice yadda na riƙe shi.

Wai a wani garin dabbobi ana yin kokawa duk shekara bayan kaka, amma filin yana bayan wani tsauni, nesa da gari. Samari ne kawai ke iya zuwa. Tsofaffi da masu jego da marasa lafiya suna gida. A garin akwai maɗori guda ɗaya, Kunkuru. Kowa ya san tafiyar Kunkuru: idan aka jira sai an aiko masa cewa wani ya karye, kafin ya isa ƙashi ya riga ya kama a karkace. Saboda haka aka naɗa Hankaka ya riƙa hawa kan rimin da ke saman tsaunin, inda ake hango fili ana kuma hango gari, yana shelanta abin da ke faruwa. Da zarar ya ce wane ya faɗi bai tashi ba, Kunkuru zai ɗauki jakarsa ya kama hanya. Don wannan aka yi aikin. Daɗin da mutanen gari suke ji na sauraron kokawa daga baya ya zo.

A lokacin Hankaka baƙi ne wuluk. Sarkin garin, Ɓauna, yana da ɗa ɗan kokawa, kuma yana so idan ya mutu a naɗa ɗan ba tare da gardama ba. Sai ya kira Hankaka ya ba shi farar riga. Bai ce masa ya yi ƙarya ba. A nan Dada takan yi ƙasa da murya ta ce, "Sarki ba ya cewa ka yi ƙarya. Cewa ya yi: Hankaka, ina jin daɗin yadda bayan ɗana bai taɓa taɓa ƙasa a bakinka ba."

Ranar kokawa Gadu ya ɗaga ɗan Ɓauna ya maka shi da ƙasa, cinyarsa ta karye. Hankaka ya dubi fili, ya dubi rigarsa, ya buɗe baki: "Kaa! Kaa! Gadu ya watsa wa ɗan sarki barkono a ido! Amma ɗan sarki yana tsaye daram!" Kunkuru, wanda ya riga ya rataya jaka, ya sauke ta ya koma inuwa. Gari ya ɗauki kiɗa. Masu fushi suka je suka rushe gidan Gadu, suka kori matarsa da 'ya'yansa, shi ya sa har yau a rami suke kwana. Da samarin da suka je fili suka dawo suna cewa ba haka aka yi ba, sai tsofaffi suka ce musu, "Ku kuna ƙasa cikin turmutsitsi, Hankaka yana sama. Wa ya fi gani?" Samarin suka watse. Kafin kwana uku wasunsu ma sun fara tuna cewa lallai sun ji ƙamshin barkono. Ɗan Ɓauna kuwa, kafin Kunkuru ya isa, cinya ta kama a karkace. Bai ƙara kokawa ba, bai kuma yi sarauta ba.

Dada ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Ku tono rogonku."

Adda Dija ta ƙi. Ta ce, "Dada, ba ki gama ba. Me aka yi wa Hankaka?"

"Ba a yi masa komai ba."

"Haba Dada! Ko duka?"

"Ke ba ki gan shi da safe a kan katanga ba? Ba ga shi nan da farar rigarsa ba, wanke da guga?"

Adda Dija ta kwana da haushin wannan. Ni kuwa na tashi tsaye, na ɗaga wuya, na yi "Kaa! Kaa! Ɗan sarki yana tsaye daram!" har 'ya'yan baffa suka farka suna dariya. Dada ma ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. Ta ce, "Wannan yaron, bakinsa zai ciyar da shi." Ta ba mu labarin sau da yawa bayan wannan, kuma duk lokacin da aka zo kan shelar, ni take nunawa da mazari in yi. Abin da na ɗauka daga tatsuniyar ke nan: shelar tana da daɗin yi, kuma mai yinta ya samu riga.

Karatuna bai wuce firamare ba. Na yi aikin awo a inda ake sayen auduga, na yi yaron shago a kasuwa. Dada ta rasu ina saurayi. Lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, garinmu ya canza: tituna, gine-gine, 'yan kwangila, kuma kowace unguwa ta kafa ƙungiyar ƙwallo. A filin gari akwai lasifika, wata rana mai sanarwa bai zo ba aka miƙa mini. Daga nan aka san ni. Ba a daɗe ba gidan rediyon jiha ya ɗauke ni a matsayin wakilin wasanni na wucin gadi, aka ba ni rikoda mai rataya da kaset. Mutane suka daina ce mini Manu kawai, sai Manu Rediyo.

Dole in bayyana yadda muke aiki, don a kansa komai ya rataya. Ba kai tsaye ake watsa wasanninmu ba. Ina tsayawa a bakin layi in yi sharhi cikin rikoda. Washegari da sassafe in kai kaset tashar mota ta unguwar Bolari in ba direban motar farko, shi ya kai babban birnin jiha, da yamma a sa. Injiniyan gidan rediyo ya koya mini in riƙa ɗaukar hayaniyar fili zalla a bayan kaset, ba muryata, don su yi amfani da ita wajen buɗe shiri. Ke nan tsakanin wasa da jin wasa akwai kwana guda, kuma a wannan kwanan kaset yana hannuna.

Da aka dawo mulkin farar hula, 'yan siyasa suka gano ƙwallo. Wani ɗan kwangila da ake kira Alhaji Mai Tifa, wanda ke neman kujera a jam'iyyar da ke mulkin jiha, ya sa kofi ya kuma ɗauki nauyin ƙungiya guda, har da riguna masu launin jam'iyyarsa. Ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe, za ta kara da yaran Bolari, makanikai da 'yan tasha, waɗanda aka san yawancinsu 'yan adawa ne. Saura 'yan makonni zaɓe. An shirya cewa Alhaji zai miƙa wa yaransa kofinsa da hannunsa a gaban jama'a, an kawo makaɗa, an yanka shanu.

Alƙalin wasan Malam Iliya ne, hedimastan wata firamare, mutumin kudancin Gombe, Kirista. Siriri ne, ba ya yawan magana, kullum da farar riga da keke. Shi ake ba manyan wasanni saboda ba a taɓa kama shi da son kai ba.

Saura kaɗan a tashi, ba a ci kowa ba, ɗan wasan gaban Bolari ya buga ƙwallo ta wuce gola. Ɗan bayan ƙungiyar Alhaji ya miƙa hannu ya doke ta a kan layi. Ina tsaye kusa da turken kwana, babu kowa tsakanina da shi. Na yi ihu cikin rikoda: "Hannu ne! Hannu ne, jama'a!" Malam Iliya ya busa usur, ya ba da fenareti. Bolari suka ci. Alhaji ya miƙa kofi fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa, yaran Bolari suka zaga gari da shi suna waƙar jam'iyyarsu.

Washegari bayan sallar asuba, ina shirin tafiya tasha, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Sakataren jam'iyyar Alhaji ne. Ya kai ni ofishinsu, ya sa aka kawo shayi da burodi, ya ce in sa masa kaset ya ji. Da aka zo kan "Hannu ne!" ya danna ya tsayar.

"Manu Rediyo, shekara nawa kana wucin gadi?"

Na ce, "Uku, ranka ya daɗe."

"Uku! Mutum mai murya irin taka? Alhaji kullum yana cewa ba a yi maka adalci ba. Jiya ma ya faɗa." Ya kurɓi shayi. "Ka tabbata hannu ne? Rana tana idonka fa. Mu daga rumfa ƙirji muka gani. Sannan akwai masu cewa sun ga malamin nan yana fitowa daga ofishin 'yan adawa shekaranjiya. Ba mu ce ka canza ci ba, ci yana nan. Amma mutanen ƙauye suna da haƙƙin su san yadda aka yi aka ci."

Ban tambaye shi su wa suka gani ba. Ba a ɗaure ni ba, ba a zare mini ido ba, ina so a san wannan. Ni ne ma na nuna masa yadda za a yi. Muka kwafi hayaniyar bayan kaset a rikodarsa, muka zaɓi inda jama'a ke ihun fushi. Ya kunna tasa, na mayar da tawa daidai wurin, na danna jan maɓallin ɗauka, na yi sabon sharhi a kan tsohon. Sau uku na yi kafin ya gamsu. A na ukun na ce ƙwallo ƙirji ta taɓa, na ce alƙali ya busa tun kafin ta isa, na ce jama'a suna tambaya ina aka ga Malam Iliya shekaranjiya, kuma me ya fito da shi a aljihu. Na yi shi da kyau. Ni kaina da na saurara sai da na ji kamar a fili nake. Na kai kaset tasha motar farko ba ta cika ba.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba, amma ban hana shi ba. Wakilin wata jarida, wanda ranar wasan yana wani biki, ya saurari rediyo ya rubuta labarinsa daga abin da na faɗa. Mako na gaba, a shirin sharhin jaridu, gidan rediyonmu ya karanta labarin a matsayin tabbaci: ga shi jarida ma ta faɗa. Alhaji ya hau mumbari a wurin gangami yana ɗaga jaridar, yana cewa wanda ya saci kofi zai saci akwati. A majalisun gari aka yi ta gardama. Mutanen da suka ga hannun da idonsu na ji su da kunnena suna cewa, "To mu dai muna nesa, Manu yana bakin layi." Yaron da ya taɓa ƙwallon aka tura shi wani gari aiki a kamfanin Alhaji. Hukumar ilimi ta kafa kwamiti a kan Malam Iliya, don ma'aikacin gwamnati bai kamata ya shiga siyasa ba. Shaidarsu guntun jarida ce.

Ana jibi kwamiti zai zauna, Malam Iliya ya zo gidanmu. Ya jingine keke, ya yi sallama, ya ƙi shiga zaure.

"Malam Manu, ban zo faɗa ba. Kai kana kusa da kwana, na gan ka. Na ji ihunka ma kafin in busa. Ranar Alhamis ƙarfe goma. Ka zo ka faɗa musu abin da ka gani, ko ka kawo kaset na farko su ji."

Na ce, "Malam, kaset ɗaya ne."

Ya dube ni. "Ɗaya ne?"

"An yi a kansa."

Ya ce, "To bakinka fa? Shi ma an yi a kansa?"

Na ce masa ni ɗan aike ne, abin ya fi ƙarfina, amma zan duba. Ranar Alhamis na tafi wani ƙauye ɗauko wasan langa wanda ba wanda ya aike ni. Aka sauke shi daga hedimasta, aka tura shi wata makaranta can bakin iyaka, aka cire sunansa daga alƙalan wasa. A watan nan takardata ta aikin dindindin ta fito, da babur. Alhaji ya ci zaɓe, bai yi nisa ba sojoji suka dawo, daga baya ya rasu. Ban ji ya taɓa ambaton wasan ba kuma. Ni na yi aiki har na yi ritaya, an ba ni takardar yabo.

Adda Dija kaɗai ta taɓa yi mini magana. Mijinta yana fili ranar. Ta zo ganin babur, ta zaga shi, ta ce, "Yana da kyau. Wanke da guga." Ta tafi. Na gane, na kuma yi kamar ban gane ba, shekara da shekaru.

Tsufa ne ya sa na fara juya labarin Dada. Ina yaro na ɗauka labarin Hankaka ne. Da na girma na ɗauka labarin sarki ne mai sayen baki, don hakan ya fi mini sauƙi: laifin yana wurin mai bayarwa. Sai a 'yan shekarun nan na lura da abin da ta fara da shi, wanda muke ƙosawa ta wuce, wato dalilin da ya sa aka hau da Hankaka kan rimin. Akwai wanda ke zaune yana jiran maganarsa don ya san ko zai tashi ko zai zauna. Ban taɓa tunanin wannan ba ina riƙe da rikoda. A ganina wasa ne, ƙwallo ce, mutane su ji daɗi su kwanta. Ban san wa ke sauraro ba, ban kuma tambaya ba. Na kuma fahimci abin da ya sa ta ƙi hukunta shi a labarin duk da naci irin na Adda Dija. Ba ta saba yi mana ƙarya ba ne kawai.

Bara wani mai keke da ya ɗauko ni daga Bolari ya gane muryata. Muna hira ya ce Malam Iliya ya koyar da shi, yana nan da rai a garinsu, idonsa ya yi rauni. Na kwana biyu ina neman dalilin da zai hana ni zuwa, ban samu ba. Na shiga mota.

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, 'yarsa Rifkatu, ma'aikaciyar asibiti, tana yanke masa farce. Ina yin sallama ya ɗaga kai.

"Wannan murya! Manu Rediyo. Ka zo da rikodarka?"

Na ce ban zo da komai ba. Aka ba ni kujera da ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage ba, har shayin da burodin. Ya saurara yana gyaɗa kai.

"Yafewa kam na yafe tun tuni," in ji shi. "Ba don kai ba, don in samu barci. Aikin ma bai dame ni ba sosai, yara yara ne ko a ina. Ka san abin da ya tsaya mini? Babana dattijon coci ne, yana da ƙaramar rediyo. Ya ji ka. Da na zo gida bai tambaye ni ko gaskiya ne ba. Cewa ya yi, Iliya, ka mayar musu da abin da ka karɓa. Na rantse masa, ya ce rediyon gwamnati ba za ta yi wa ɗan talaka ƙarya ba, me za ta samu? A kan haka ya mutu."

Rifkatu ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba, mu a makaranta 'ya'yan mai sayar da usur ake ce mana."

Malam Iliya ya ci gaba, ba tare da ɗaga murya ba.

"Ka faɗa wa jiha guda, Malam Manu. Yanzu ka zo kana janyewa a kunnen tsoho ɗaya, ni kuwa dama na sani. Ina wurin ai. Ka je ka faɗa inda ka faɗa."

Na je. Gidajen rediyo sun yi yawa yanzu a garinmu, na zaga uku. Yaran suna da ladabi, suna ce mini Baba, suna cewa iyayensu sun ba su labarina. Amma shirin wasanninsu na ƙwallon Turai ne, kai tsaye, kuma lokacin zaɓe ya matso, sauran filin 'yan takara sun kama. Ɗaya ya ce mini, "Baba, wa zai tuna wasan da aka yi kafin a haife mu?" Bai yi ƙarya ba. Yawancin waɗanda suka ji ni sun bi mahaifin Malam Iliya zuwa lahira, kuma ba ni da hanyar aika musu gyara.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan karatun da nake da shi. Rifkatu ta ce za ta karanta masa, za ta kuma karanta a gaban danginsu idan sun taru. Ga wanda ya ji ni a wancan lokacin, ko ya ji daga wanda ya ji, ga abin da ya faru. Malam Iliya bai shiga ofishin kowa ba, ban san wanda ya gan shi ba, ni na sa wannan a bakin jama'a. Bai karɓi komai ba. Bai busa kafin lokaci ba. Rana ba ta idona, tana bayana. Yaron ya miƙa hannun dama ya doke ƙwallo a kan layi, ni Manu na gani, kuma hukuncin da alƙali ya yanke daidai ne.